Yadda ake fatsar gashi: daga kogunan salmon zuwa Faro da Binuwai

Ranar da na fara ganin ana fatsar gashi, wato fatsa da ƙugiyar da aka ɗaura wa gashi a maimakon tana, a bakin kogin Faro ne, a arewacin Kamaru, cikin hunturu, ina tare da kawuna da ya samo mini aikin ɗaukar wa baƙi kaya. Wani Bature ɗan Sikotlan ya hau kan dutse yana kaɗa doguwar sanda, igiya tana miƙewa bayansa tana dawowa gabansa a iska. Kawu ya daɗe yana kallo, can ya taɓo ni ya ce, "Kai ɗan nan, me ruwan ya yi wa bawan Allahn nan yake zabga masa bulala?" Na ce, "Kawu, wai kifi yake nema." Ya ce, "Ba tana, ba dalma, ba ƙullin dusa? To, Allah ya ba da sa'a." Kafin hantsi ya dubi ludayi mutumin ya fito da tsage uku, kuma duk ya mayar da su ruwa. Mayarwar ta fi kamun ɗaure wa Kawu kai.

Mu sana'ar su muka gada. Kakanninmu daga Kabi suka biyo ruwa har suka yada zango a Garwa, kalli da birgi da mamari kuwa tun muna tsirara muke riƙe su. Fatsar gashi ba za ta ciyar da gida ba, kada wani ya ce na ruɗe shi ya sayar da tarunsa. Amfaninta biyu ne: tana koya wa mutum karanta ruwa fiye da duk wata hanyar su da na sani, kuma saurayin da ya iya ta yana samun aikin ja-gora a lokacin da baƙi ke zuwa Faro, daga Janairu zuwa wajen Maris.

Mataki na farko: san kifin da aka gina sana'ar a kansa

Yawancin dabarun da za mu bi an goge su ne a kan kifin salmon, a kogunan Sikotlan da Nowe da Kanada. Wanda bai san rayuwar wannan kifi ba zai riƙa kwaikwayon motsin hannu ne kawai, bai san dalili ba.

Salmon na Tekun Atilantika a ruwan daɗi ake haihuwarsa, can saman kogi inda ruwa ke da sanyi, yana gudu kan tsakuwa. Wajen Nuwamba da Disamba macen takan kwanta a gefenta ta riƙa bugun tsakuwa da jela har ta haƙa rami, ta zuba ƙwai, namiji ya zuba nasa ruwan a kai, ta ɗan matsa gaba ta sake haƙa, tsakuwar da ta tayar ta rufe ramin baya. Takan yi ƙwai sama da 1,000 ga kowane kilo na nauyinta. Ƙwan kan kwana ƙarƙashin tsakuwa duk tsawon sanyi, sai wajen Maris ko Afrilu ya ƙyanƙyashe. Ɗan kifin yana fitowa da 'yar jakar gwaiduwa a cikinsa, ita ce guzurinsa na makonni. In ta ƙare ya fito neman ƙwari, jikinsa ya yi tabo-tabo a gefe kamar an danna masa yatsu. A haka zai zauna a kogi shekara ɗaya zuwa huɗu, a kogunan can arewa masu tsananin sanyi ma ya fi haka.

Daga nan sai jikinsa ya juye. Tabon ya ɓace, ya koma fari kamar azurfa, cikinsa ya shirya wa ruwan gishiri, alhali tsawonsa bai cika taƙi ba. Wajen Afrilu da Mayu su gangara teku garke-garke. Wasu har gaɓar yammacin Girinlan suke kaiwa, wasu wajen tsibiran Faro na arewacin Turai, waɗanda suna kawai suka haɗa da namu kogin. A teku yake ƙiba da ƙananan kifi da dangin jatan lande, abin da ke sa namansa ja. Bayan shekara ɗaya zuwa uku, wani lokaci huɗu, sai ya juyo gida.

Gida kuma ba kowane kogi ba, wanda aka haife shi a ciki. In ya iso gaɓa, hanci ne ja-goransa. A 1954 wani masani a Amurka, Arthur Hasler, da abokin aikinsa suka kama salmon da suka riga suka hau rassa biyu na wani rafi a jihar Washinton, suka toshe wa wasu hanci da auduga, suka mayar da su duka ƙasa da mahaɗar. Masu buɗaɗɗen hanci suka koma reshensu, waɗanda aka toshe wa suka rarrabu barkatai. Salmon na kogin Yukon, a Alaska da Kanada, kan yi tafiyar da ta haura kilomita 3,000 a ruwan daɗi. Na ɓangaren Tekun Fasifik duk mutuwa suke bayan sun yi ƙwai, na Atilantika kuwa 'yan kaɗan kan rayu su koma teku su sake dawowa.

Ga abin da ya shafi mai fatsa: salmon in ya shigo kogi daga teku ya daina cin abinci. Kitsen jikinsa yake ci, wata da watanni. To kifin da ke azumi, da me za ka yaudare shi? Tana ba ta dame shi ba. Sai dai ka san dutsen da yake hutawa a bayansa, ka riƙa wuce masa da wani abu ta gaban hanci, a gudun da ya dace, har haushi ko tsohuwar al'adar cafkar ƙwari ta sa ya kai baki. Duk sana'ar a nan take.

Mu ma muna da matafiya. Shemani, wanda mutanen Chadi ke busarwa su kira salanga, yakan taso daga Tafkin Chadi ya hau Shari da Logon in ruwa ya fara cikowa, 'ya'yan su girma a fadamun da ambaliya ke rufewa, in ruwa ya ja su koma tafki. Farin shekarun 1970 da madatsar Maga ta 1979 sun rage wannan ambaliya, masuntan Kuseri sun gani a tarunsu. Tsage ma hawa yake da sabon ruwa don ya hayayyafa, ga kuma madatsar Lagdo ta tare Binuwai tun 1982. A Faransa madatsu sun kusa ƙarar da salmon na kogin Luwar da reshensa Aliye, har aka hana kama shi a can tun 1994.

Mataki na biyu: kaya

A fatsarmu ta gargajiya dalma ce ke jan zare zuwa ruwa. A nan babu dalma. Ƙugiyar da gashinta ba su da nauyin da za a jefa, don haka igiyar kanta ce mai nauyi: kauri gare ta kamar tsinken ashana, an lulluɓe ta da roba, tsawonta wajen mita 27 zuwa 30. Igiyar kake jefawa, ƙugiya fasinja ce.

Sanduna da igiyoyi lamba gare su, kuma dole lambar sanda ta yi daidai da ta igiya. Don tsage, sanda mai ƙafa 9, wato wajen mita 2.7, lamba 9. Don giwan ruwa, wanda a kasuwar Garwa ake ce wa kapiten, lamba 12. Masu salmon a manyan koguna suna riƙe sanda mai hannu biyu, ƙafa 13 zuwa 15. Mai koyo ya fara da lamba 9, ta ishe shi shekaru.

A gindin sanda akwai kwarkwaron naɗe igiya, mai birki. Kafin a naɗa igiya mai nauyi ana fara naɗa siririn zare mai ƙarfi, mita 200 ko fiye, don ranar da babban kifi ya kwashi igiya ya yi gaba. A ɗaya bakin kuma ana ƙulla zaren nailan mai haske, mita biyu zuwa uku, shi ne wuyan igiya da kifi ba ya gani. In tsage ake nema sai an ƙara 'yar waya mai laushi kamar taƙi guda tsakanin nailan da ƙugiya, don haƙoransa almakashi ne.

Sauran: filaya, dutsen wasa ƙugiya, hula mai baki, da tabarau. Tabarau ba gayu ba ne. Ƙugiya ce ke yawo kusa da idonka da gudun dutsen majajjawa.

Waɗannan kaya ba a tallarsu a babbar kasuwar Garwa. Ko a yi saƙo daga waje, ko a samu na hannu wurin baƙi in za su koma. Tawa sandar ta farko mai karyayyen kai ce aka bar mini, na ɗaure ta da zare da gam, ta yi mini shekara uku.

Mataki na uku: ɗaura ƙugiyar gashi

Nan ne talaka ke samun sauƙi, domin kusan komai yana cikin gida. Ana buƙatar ƙugiya mai kaifi lamba 2/0, zaren ɗinki mai ƙarfi, gam mai kama nan take, gashin jelar akuya ko na saniya, dogayen gashin wuyan zakara, zaren ƙyalli na masu surfani, da ƙwallaye biyu haɗe daga irin sarƙar nan ta maƙale makulli. Gashin kanti da mata ke ƙara wa kitso ma yana yi sosai, ya fi na akuya rawa a ruwa. Na sha faɗa da ƙanwata a kan wannan.

Maƙale ƙugiyar a bakin filaya ka ɗaure hannun filayar da roba. Fara naɗa zare daga bayan kafar ƙugiya zuwa tsakiyar jikinta, ka dawo. Ɗora ƙwallayen nan biyu a bayan ƙugiya, kaɗan nesa da kafa, ka ɗaure su da naɗi gicciye, ta nan ta can, ka ɗiga gam. Su ne idanu, kuma nauyinsu ne zai sa ƙugiyar ta kife a ruwa, tsininta ya dubi sama, ta rage maƙalewa a duwatsu. Ɗauki farin gashi ɗan kaɗan, tsawon yatsa da rabi, ka ɗaure shi a gefen da idanun suke, shi ne cikin kifin. Juya ƙugiyar, ka sa silin ƙyalli huɗu ko biyar, sannan gashi mai duhu a kai, baƙi ko ja ko ruwan ganye, shi ne bayan. Naɗe kan ya yi sumul, ka ƙulle sau uku, ka ɗiga gam.

Kuskuren kowane sabon hannu cika gashi. Rabin abin da idonka ya ce ya isa, shi ne ya isa. Tsoma ta a kwano ka ja: in ta yi kama da 'yar kawara tana gudu, ta yi. In ta yi kama da tsintsiya, warware.

Kafin ka ajiye, matse kunnen ƙugiyar, wato 'yar ƙayar da ke bayan tsininta, da filaya ya kwanta. Tana fita daga bakin kifi da sauƙi, tana kuma fita daga kunnenka da sauƙi, don ranar na zuwa.

Ƙulli biyu sun isa a fara. Na ɗaura ƙugiya ga nailan: zura ta kafa, naɗe jelar a jikin zaren sau biyar, mayar da ita ta 'yar ƙofar da ke bakin kafa, sannan ta babbar ƙofar da ta samu, jiƙa da yawu, ja a hankali. Na haɗa waya da nailan: lanƙwasa bakin wayar biyu, zura nailan ta cikin lanƙwasar, naɗe shi kan wayar sau goma kana dawowa baya, fitar da shi ta inda ya shiga, jiƙa, ja. Kowane ƙulli ka gwada shi da ƙarfinka tun a tudu.

Mataki na huɗu: jifa

Kada ka fara a ruwa. Nemi filin ƙwallo da sassafe kafin iska ta tashi, ka ɗaura guntun ulu a maimakon ƙugiya. Yara za su taru su yi maka dariya, ka ƙyale su.

Ja igiya kamar mita goma ka shimfiɗa ta miƙe a gabanka. Riƙe sanda babban yatsa a sama, bakin sanda a ƙasa kusa da ciyawa, ɗaya hannun riƙe da igiya. Ɗaga sandar a hankali, kana ƙara sauri, har hannunka ya zo daidai kunne, sai ka tsaya cak. Tsayawar ce ke harba igiya baya. Ka tuna yadda muke soka curin laka a bakin kara muna yara, mu harba shi hayin rafi: ba ƙarfin dantse ke tafiyar da lakar ba, tsayawar karan ce farat ɗaya. Haka nan.

Sai jira. Waiwaya ka kalli igiyar tana warwarewa a bayanka. In ta kusa miƙewa, turo sandar gaba, nan ma daga sannu zuwa sauri, ka tsaya cak bakin sanda yana daidai saman kanka ta gaba, ka bar igiyar ta miƙe, sannan ka sauke sanda tare da ita.

Kunnenka zai gaya maka laifinka. In ka ji fyau-tas kamar bulalar makiyayi, ka yi gaggawar dawowa, kuma da ƙugiya ce da ta tsinke ta tafi. In igiya ta daki ƙasa a baya, ko ka daɗe da jira ko wuyan hannunka ya karye ya kai sanda baya da yawa. Maganin wannan, cusa gindin sanda cikin hannun rigarka na kwana biyu. In ka tarar da ƙananan ƙulli a nailan, ƙarfi ka sa tun farkon turowa. Minti ashirin kullum na mako biyu ya fi yini guda na wahala. In mita goma ta zauna, fara sakin igiyar da ke hannun hagu daidai lokacin da ka tsaya a gaba, za ka ji ta zare ta cikin zobban sanda da kanta. Mita 15 zuwa 18 mai kyau ta ishi kama kifi.

Akwai wuraren da bayanka gaɓa ce mai tsawo ko ƙaya, ba halin kai igiya baya. A nan sai jifan naɗi: jawo igiyar a kan ruwa sannu a hankali har sanda ta ɗan wuce kafaɗarka, igiya ta yi ciki a bayanka kamar baka, bakinta yana kwance kan ruwa, sai ka buga gaba. Za ta mirgina a kan ruwa ta miƙe. Masu salmon sun faɗaɗa wannan suka mai da shi jifa mai zaman kansa da ake kira da sunan kogin Spey na Sikotlan, inda bishiyoyi da gudun ruwa suka tilasta musu. In iska tana busowa daga gefen hannun da kake jifa da shi, juya ka ba ruwa baya ko ka sauya gaɓa, in ba haka ba ƙugiya a ƙeyarka za ta sauka.

Mataki na biyar: karanta ruwa

Kifin da ke zaune a ruwa mai gudu kansa inda ruwa ke fitowa yake duba, kuma ba ya son wahala. Wurin da yake so shi ne inda zai fake daga ƙarfin ruwa amma ruwan na wucewa kusa da shi: gaba da bayan babban dutse, layin kumfa inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, wuyan gurbi inda ruwa ke zubowa, da jelar gurbi inda ya fara yin sumul kafin ya sake gangarawa. Salmon hutawa yake a irin waɗannan wurare, tsage kwanton ɓauna yake, amma wurin ɗaya ne.

In ka iso, zauna tukuna. Minti goma ba jifa. Duba inda ƙananan kifi ke watsewa, inda tsuntsu ke shawagi, inda inuwarka za ta faɗa. Faro da rani ruwanta garau ne, kana ganin kifi yana ganinka. Duba kuma sawun kada a yashi da hanyar da dorina ke hawa tudu, kada ka tsaya tsakaninta da ruwa ko da wasa.

Mataki na shida: lilo, da abin da hannu zai yi in kifi ya kama

Ga hanyar masu salmon. Tsaya a wuyan gurbi. Jefa igiya ƙetaren ruwa, a karkace zuwa ƙasa, rabi tsakanin hayi da gangare. Da ta sauka, ɗaga cikin igiyar da bakin sanda ka kwantar da shi ta sama, don kada ruwa ya ja cikin ya fizgi ƙugiya da gudu. Sai ka bi ta da bakin sanda, ruwa da kansa zai yi lilo da ita daga hayi har ta dawo ta miƙe a ƙasanka. Bar ta ta yi rawa nan na ɗan lokaci, domin kifi kan biyo ta ya kama a ƙarshe. Taka biyu zuwa ƙasa, sake jifa. Haka za ka share gurbin duka, ba kifin da ƙugiya ba ta gifta ta gabansa ba. In ruwa da sanyi da yawa, babbar ƙugiya a ƙasa-ƙasa a hankali. In ruwa ya ja ya yi ɗumi, ƙarama kusa da sama.

In salmon ya kama, ƙa'ida ita ce kada ka yi komai. Yakan ɗauka ne ya juya zuwa makwancinsa, juyawar ce ke kafa ƙugiya a kusurwar bakinsa. Mai fizga da wuri daga baki yake zare ta. Sai ka ji nauyi ya zauna, kwarkwaro ya fara kuka, sannan ka ɗaga sanda.

To wannan ladabi kada ka kawo wa tsage shi. Baturen nan na Sikotlan, da duk ƙwarewarsa, kifi biyar na farko da suka taɓa shi rasa su ya yi, don hannunsa ya saba da jira. Bakin tsage ƙashi ne zalla. Jifan iri ɗaya ne, lilon iri ɗaya, amma kana yi kana fizgo igiya da hannun hagu, kamu-kamu, da sauri, igiyar na bi ta ƙarƙashin manunin hannun da ke riƙe da sanda, bakin sanda a ƙasa yana nuna ƙugiya. In ka ji duka, kada ka ɗaga sanda, sanda laushi gare ta ba za ta huda ƙashi ba. Ja igiyar da hannu, da ƙarfi, sau biyu ko uku, kamar mai tayar da injin jirgi. Sannan ka kwantar da sanda gefe. Zai yi tsalle yana girgiza kai, in ya tashi ka sunkuyar da bakin sanda zuwa ruwa. Duk da haka fiye da rabi za su tofar, kada ka zargi kanka. Duba wayar da ƙugiyar bayan kowane kifi, kuma ka naɗe manuninka da filasta tun kafin igiya ta yanka shi.

Mataki na bakwai: giwan ruwa

Wannan aikin dare ne, kuma ba na mai koyo shi kaɗai ba. Giwan ruwa yana iya kai mita biyu, manyan kuma mata ne. Da rana yana kwance ƙarƙashin duwatsu a gurbi mai zurfi, sau da yawa gurbin da dorina ke ciki, domin kashinta ke tara ƙananan kifi. In rana ta faɗi sai ya fito farauta.

Je da rana ka zaɓi dutsen da za ka tsaya, mai tsawo daga ruwa, ka auna jifanka, ka san inda za ka sauko da kifi. Da dare ba a shiga ruwa ko zuwa idon sawu, kuma ba a zuwa sai da ma'aikacin gandun daji da mutumin da ya san dorinar wurin. Ƙugiya babba, 6/0 ko fiye, gashi baƙi mai tsawon taƙi da kai mai kauri da ke tura ruwa, don a duhu motsi yake ji. Nailan mai ɗaukar kilo 30 zuwa 40, ba waya. Kashe tocilan. Jefa, ƙirga goma ta nutse, ja dogo-dogo a hankali, kana ɗan tsayawa.

Kamunsa ba irin dukan tsage ba ne. Ji za ka yi kamar igiyar ta maƙale a gindin kuka, sai kukar ta fara tafiya. Kafa ƙugiya da hannu, ka kula kada igiyar da ke zube ta naɗe ƙafarka ko yatsa. Minti na farko shi ne shari'ar: ramin dutse zai nufa, in ya shiga an gama. Ƙara birki, kwantar da sanda gefe, ja shi ta inda ba ya so. Na farkon da ya kama mini, sanda na ɗaga sama irin ta mai fatsar karfasa, ya shige ƙarƙashin dutse, na dawo da nailan kamar an goga shi a magagari. Kawu da ke zaune a baya ya ce, "Ɗan nan, giwa ake ce masa, kai kuma ka riƙe shi kamar ɗan akuya."

Mataki na takwas: saki, da takardu

Na san yadda sakin kifi ke sauka a kunnen masunci. A wuraren da ake kai baƙi a Faro doka ce, kuma ni na yarda da ita a kan manya, don uwar giwan ruwa guda ƙwanta miliyoyi ne. Inda aka halatta, tsage madaidaici ɗaya na miya ba laifi.

Kada ka ja faɗan har kifi ya galabaita, musamman da zafin Maris. Masu salmon da yawa kan naɗe sanda in ɗumin ruwa ya kai awo 20 a ma'aunin Salshiyos, don kifin ba ya farfaɗowa. Jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kada ka jawo shi kan yashi mai zafi. Cire ƙugiya da filaya, yatsa ba ya zuwa kusa da bakin tsage. Giwan ruwa ba a rataye shi ta haɓa, a tallafe cikinsa, a kula da kaifin murfin kumatunsa da ƙayar bayansa. Mai son hoto ya shirya waya tukuna, a ɗaga, a ɗauka, a mayar. Riƙe shi cikin ruwa kansa na duban inda ruwa ke fitowa, a wuri marar zurfi da wani ke tsaye yana duba maka kada, har ka ji ya buga jela da ƙarfi ya ƙwace.

Kafin duk wannan, nemi takardar izinin su daga ofishin ma'aikatar kiwo da su, ka kuma gaida sarkin ruwan wurin ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Gandun dajin Faro da yankunan farauta da ke kewaye da shi ba a shiga sai da izinin masu kula da su. A tafkin Lagdo ana rufe su daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba don kifi ya hayayyafa, mai sanda ma bai fita daga ciki ba. Watannin nan ni nakan yi su ne a zaure da filaya da gashin zakara, in wanke igiya da ruwan sabulu mai ɗumi in shanya ta a inuwa, don rana na fasa robar.